Iya ruwa fidda kai: muna zaune bakin gulbi amma ruwa na cin mu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu ya san abin da zan faɗa. Ana harba bindiga sai ka ga dubban mutane sun kwasa a guje, kowa da homarsa da gorarsa, su afka ruwa gaba ɗaya har gulbin ya koma baƙi ƙirin da kawunan mutane. Kafin ranar ma akwai wasannin kabanci, tseren kwale-kwale, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa, nutso, mutum ya ɓace ƙarƙashin ruwa har hankalinka ya fara tashi sannan ka ga ya ɓullo can wani wuri daban. Baƙon da ya zo daga Kano ko Legas in ya koma gida cewa zai yi ai mutanen Kebbi kifaye ne. To amma ya juya ya kalli mu da ke tsaye kan tudu muna tafi da sowa, mu 'yan gari, 'yan makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikata, matanmu da ƙannenmu, wallahi da yawanmu in aka jefa mu inda ruwa ya shanye kai ba za mu iya mita goma ba. Wannan abin ya daɗe yana damuna, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Bari in fara da kaina. Gidanmu ba gidan masunta ba ne, kuma mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, dokarsa ɗaya ce a kan gulbi, ba a zuwa. In ka dawo gida da jan ido sai a kama hannunka a karta da farce, in farin layi ya fito an gane ka yi wanka a gulbi, bulala ce. Ba don ƙiyayya ba, tsoro ne irin na uba, kuma yanzu da na haifi nawa na gane shi sarai. Amma dokar ba ta hana mu zuwa ba, abin da ta hana kawai shi ne mu je da babba, sai muka koma zuwa a ɓoye, yara zalla, ba wanda ya iya balle ya koya wa wani. Ina da shekara kamar 11, da damina, ina tafiya cikin ruwa iya ƙirji kawai sai na ji ba ƙasa. Ashe wurin an ɗebi yashi ya yi rami. Abin da na fi tunawa shi ne ban iya yin ihu ba, ko kaɗan, duk lokacin da bakina ya fito iska nake nema, kafin in ce wani abu na sake komawa, abokaina suna nan kusa suna ta wasa ba su ma lura ba. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa shi ya gani, bai faɗo kaina ba, gorarsa ya turo mini ya daka tsawa ya ce in rungume. Da na fito ina ta tari da kuka ya ce, "Ɗana, ɗan wane gida kake?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ji nan, ruwa ba a faɗa da shi. Kwanta mishi, shi ka ɗaukar ka. Gobe ka taho in gwada maka." Na ce, "Baba, a gida za a buge ni." Ya ce shi zai je ya ga mahaifina, kuma ya je. A hannunsa na koyi iyo.

Abin da Baba ya faɗa mini da bakin masunta shi ne abin da malaman iyo suke koyarwa a duk duniya. Jikin mutum in huhunsa na cike da iska bai cika nauyin ruwa ba, yana iya tasowa, matsalar ita ce wanda ya firgita miƙewa yake yi tsaye yana ɗaga hannu sama yana neman ya fitar da kai da kafaɗa gaba ɗaya, kuma duk abin da ka ɗaga sama da ruwa nauyinsa danna ka ƙasa yake yi. In ka kwanta rigingine ka saki jiki, kunnuwa cikin ruwa, haɓa sama, hannuwa a buɗe, hanci da baki ne kawai a waje kuma su kaɗai kake buƙata. Wannan shi ne darasin farko, kafin a zo maganar gudu ko salo. Sannan abin da ya faru da ni na kasa ihu ba ni kaɗai ba ne, haka nutsewa take, shiru ake yin ta, masana ceto sun ce mutum kan yi fama a saman ruwa tsakanin daƙiƙa 20 zuwa 60 ne kawai kafin ya tafi ƙasa. Shi ya sa yaro kan mutu a kududdufin bayan gida uwarsa na nan tsakar gida tana daka ba ta ji komai ba.

Yanzu ga inda matsalarmu take a nawa ganin. Iya ruwa a ƙasar nan gado ne. Kabawa masunta, Sarkawa da ke bin Kwara, Gungawan Yauri da suka zauna tsibirai kafin madatsar Kainji ta 1968 ta tashe su, waɗannan ɗansu tun yana rarrafe yake cikin jirgi, ba ya ma tuna ranar da ya koya. Sauran jama'a kuwa sai muka ɗauka abin ba namu ba ne, kamar yadda wanda ba ɗan maƙera ba ba ya taɓa wuta. Muka kuma lulluɓe abin da maganar asiri, wai sai wanda aka ba shi ya sha, wai ruwa ya san nasa. Ni ina girmama Sarkin Ruwa da masu wannan gado, ilimin da suke da shi na gulbi, inda rami yake, inda ruwa ke juyawa, inda kada ke kwana, lokacin da dorina ke da ɗa ba a kusantar ta, ba a littafi ake samun sa ba. Amma a raba abu biyu. Sanin gulbi daban, iya ɗaga kai sama da ruwa na minti biyar daban, na biyun kowane ɗan Adam mai lafiya yana iya koyon sa cikin 'yan makonni, ko ɗan sarki ne ko ɗan mahauta.

Kuma dubi su wa ke mutuwa in jirgi ya kife. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja zai zo Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya rabe a tsakiyar Kwara da mutum sama da 150 a ciki, waɗanda aka ciro da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A Satumbar 2024 a Gummi ta Zamfara manoma ne za su haye zuwa gonakinsu jirgin ya kife, mutane da dama suka tafi. Ba masunta ke cika waɗannan jirage ba, fasinja ne, 'yan kasuwa, manoma, mata da goyo, yara, wato daidai mutanen da al'ada ta ce musu ruwa ba naku ba ne, amma rayuwa ta tilasta musu hawa kansa kowace ranar kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya, yawancinsu a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Wannan lissafin ma bai haɗa da haɗarin jirgi da ambaliya ba, nasu daban ake ƙirgawa.

Duk lokacin da irin wannan ta faru akwai maganar da nake yawan ji, a kawo masu nutso na zamani, a sayo kayan nutso irin na Turawa a raba wa masunta. Niyyar mai kyau ce, amma a nan nake so in ɗan daɗe, domin in aka yi abin ba da sani ba kashe gwanayenmu za a yi.

Nutso iri biyu ne kuma dokokinsu kishiyoyin juna ne. Na farko shi ne namu na gargajiya, ka ja numfashi ɗaya ka riƙe ka yi ƙasa. Jikin mutum Allah Ya yi masa wani shiri a kan wannan, da zarar ruwa mai sanyi ya taɓa fuska ka riƙe numfashi bugun zuciya na raguwa, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, jini ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya, saifa ma ta matse ta saki ƙarin jini mai ɗauke da iska. Da yawan yi abin na ƙaruwa. Akwai wasu mutane Bajau a tekun Indonesiya da Filifin da ke rayuwa kan nutso, binciken da aka fitar a 2018 ya nuna saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da kusan rabi. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu mata ne ma ke yin sa, har da tsofaffi masu jikoki, kuma abin sha'awa a shekarar 2016 da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya, a wannan zaman aka sa nasu. Amma komai ƙwarewa akwai iyaka. Wani Bafaranshe Stéphane Mifsud ya riƙe numfashi minti 11 da daƙiƙa 35 a 2009, kuma yana kwance ne a ruwa ba ya ko motsi, ya shekara da shekaru yana horo. Mai aiki ƙarƙashin ruwa yana laluben kifi ko gawa, minti ɗaya zuwa biyu ne, in ya kai uku gwani ne na gaske. Don haka labarin wane yakan yi awa guda a ƙasan gulbi, mu bar shi a matsayin labari, kada wani yaro ya ji ya ce zai gwada.

Kuma akwai wani tarko a cikin wannan nutson da ya kamata duk saurayi mai gasar kurme ya sani. Abin da ke sa ka ji dole ka numfasa ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce, kabon dayoksaid. To samari sun gano cewa in ka yi ta jan numfashi da sauri da sauri kafin ka nutsa kana daɗewa, gaskiya ne, amma abin da ka yi shi ne ka kashe ƙararrawar da za ta gargaɗe ka, oksijin na ta ƙarewa kai ba ka ji ba, sai kawai ka suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba. Wannan ba ya cin wanda bai iya ba, gwani yake ci, shi ya sa ake cewa gwanin ruwa shi ruwa ke ci. Kada mutum ya yi kurme shi kaɗai, ko a ruwa iya wuya ne.

Na biyun shi ne wanda ake kira sukuba, mutum ya goya tulun iska a baya, tiyo a baki, gilashi a fuska, takalmi mai faɗi irin ƙafar agwagwa. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su suka haɗa na'urar da ta sauƙaƙa shi a 1943, wata regileta ce da ke ba ka iska daidai lokacin da ka ja kuma daidai da matsin ruwan da kake ciki. Mutane na cewa oksijin ne a tulun, a'a, iskar da muke shaƙa ce aka tace aka danna da ƙarfi kamar ninki 200, tsantsar oksijin ma in aka yi zurfi da shi guba ne, farfaɗiya yake sawa.

Duk sirrin abin yana ga matsi. A nan tudu iska na danna mu da wani nauyi da muka saba da shi har ba ma ji. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba, duk mita 10 da ka sauka an ƙara maka kwatankwacin wannan nauyin gaba ɗaya, a mita 10 ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Shi ne zafin da kake ji a kunne tun daga mita biyu ko uku, kuma maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin zafin ya zo, wanda ya yi ta dannawa da ƙarfin hali dodon kunnensa ke fashewa, ka lura da tsofaffin masu nutso da yawa sai ka ɗaga murya suke ji. To iska kuma matsi na tsuke ta. Balan-balan ɗin da ka hura a sama in ka kai ta mita 10 za ta koma rabi, in ka dawo da ita ta koma yadda take. Mai nutson gargajiya huhunsa kamar wannan balan-balan ɗin ne, da iskar sama ya tafi, ta tsuke, ya dawo ta buɗe daidai yadda take, lafiya lau. Amma mai tulu a can ƙasa ya cika huhunsa taf da iska mai ninki biyu, in ya riƙe ta ya taso za ta kumbura ta nemi wurin huhu biyu a cikin huhu ɗaya, sai huhun ya yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi ba, tasowar mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a riƙe ta isa ta yi ɓarna. Dokar farko ta sukuba kenan, kada ka taɓa riƙe numfashi.

Yanzu ka ɗauki masuncin da ya shekara talatin jikinsa ya haddace abu ɗaya, in kana ƙarƙashin ruwa riƙe numfashi, in wani abu ya faru yi sama da sauri. Ka goya masa tulu ba horo, ya shiga ruwan Kwara mai laka da ko tafin hannunsa ba ya gani, tiyon ya maƙale a tsohuwar koma ya fita daga bakinsa. Me jikinsa zai yi kafin ma ya yi tunani? Zai rufe baki ya harba sama. Abin da ya cece shi shekara talatin shi ne zai kashe shi a ranar. Wannan ne ya sa hankalina ke tashi in na ji ana cewa a raba kaya kawai.

Ba shi kenan ba. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, a tudu shiga take ta fita ba ruwanta da kowa, amma a ƙarƙashin matsi narkewa take cikin jini da tsoka, gwargwadon zurfi da daɗewa. Ka ga lemon kwalba kafin a buɗe, ba ka ganin kumfa ko ɗaya, da ka fasa murfin da sauri sai ya taso, to jinin mai nutso haka yake in ya taso da gaggawa, kumfar ta tsaya a gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa, ciwon gaɓa mai tsanani, shanyewar ƙafafu, wani lokaci mutuwa. Tun 1908 wani likita ɗan Sikotilan John Scott Haldane ya tsara jadawalin yadda ake tasowa daki-daki, kuma har yau a kan wannan tushen ake, ana tasowa a hankali, a tsaya a mita 5 kamar minti 3, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi awanni da yawa bayan nutso. Daga wajen mita 30 kuma naitirojin ɗin na bugar da mutum kamar ya sha wani abu, tunaninsa ya yi nauyi. Shi ya sa sabon ɗalibi mita 18 aka yanke masa, masu yi don nishaɗi kuma ba sa wuce 40.

Akwai ɗan Najeriya da ya ga wannan da jikinsa, Harrison Okene, kuku ne a wani jirgi mai jan manyan jirage da ya kife a teku kusa da gaɓar Neja Delta a Mayun 2013. Jirgin ya zauna a zurfin kamar mita 30, shi kuma Allah Ya sa ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da sanyi kusan awa 60, masu nutson da aka turo gawa suka zo ɗauka sai hannu ya kamo ɗayansu. To ko da aka same shi ba a iya fito da shi kai tsaye ba, jikinsa ya sha naitirojin ya ƙoshi, sai da aka sa shi a ɗakin matsi na ƙarfe aka yi ta rage masa kaɗan kaɗan na wasu kwanaki. Da an ce don tausayi a yi maza a fito da shi sama, da a hannun masu ceto zai mutu. Irin wannan ɗakin shi ne maganin ciwon kumfa, kuma duk wanda zai kafa rundunar nutso a Yauri ko Bagudo dole ya fara tambayar ina mafi kusa yake kuma awa nawa za a yi kafin a kai mutum.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ina son a samu masu sukuba a Kebbi da Zamfara, kuma 'ya'yan masunta su suka fi cancanta a horar, domin ba sa tsoron ruwa kuma sun san gulbi, horo ne kawai na gaske za a ba su har sabuwar dokar ta zauna a jiki, da kaya masu kyau da injin cika tulu mai tace iska, don in hayaƙin janareta ya shiga tulu mutum ba zai ji wari ba sai dai ya suma a ƙasa. Aikinsu na nan jibge, duba ƙofofin madatsa irin Bakolori, gano kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye waɗanda jirage ke karo da su, ɗaure jirgin da ya nutse a jawo shi, ciro gawa a ba iyalai su yi mata sutura, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa zama bakin ruwa kwana uku yana jiran a fito masa da ɗansa. Sana'a ce kuma mai kuɗi a wuraren haƙar mai na teku. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙwaƙwalwar mutum na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Mai nutson da za a kira a waya ya taso daga Birnin Kebbi ba rai zai ceto ba. Rai a mintunan farko ake ceton sa, kuma waɗanda ke wurin a mintunan farko su ne fasinjan kansa da mutanen da ke bakin mashaya.

Shi ya sa na fi damuwa da abubuwa masu araha. Gorar da masuncin Argungu ke kwanciya a kai, ai rigar kariya ce kakanninmu suka ƙirƙiro tun kafin a san roba. Jarkar lita 20 in ba komai a ciki kuma murfinta a ɗaure, ƙarfin da take ɗaga mutum da shi ya kai kusan kilo 20, ya ma fi na rigar kariya da yawa, illarta kawai sai ka riƙe ta, in ka gaji ko ka suma ta tafi, rigar kuwa a jikinka take. Hukumomi irin NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da HYPPADEC mai raya yankunan madatsun wutar lantarki sun sha raba riguna suna kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, amma rigar da ke ɗaure a buhu a gidan wani ba ta ceton kowa, sai ranar da fasinja da kansa zai ce ba ni riga ko in sauka. Haka wajen ceto, Hausawa sun riga sun gama magana, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, to kai ma in ka matso kama ka zai yi ya hau kanka, shi ya sa sau da yawa gawa biyu ake cirowa, wa da ƙane. Miƙa gora, miƙa sanda, jefa igiya ko jarka ko rawani, yadda Baba ya yi mini. In an fito da mutum ba ya numfashi kuma, dan Allah a daina juya shi ƙasa ana danna ciki wai ruwa ya fita, lokaci ake ɓatawa kuma amai na iya shiga huhu. A kwantar da shi, a ɗaga haɓa, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba, kuma ko ya farfaɗo a kai shi asibiti don ruwan da ya taɓa huhu kan tayar da matsala bayan awanni.

Maganar mata ita ce ta fi yi mini nauyi. Mace ta shiga jirgi da zani da hijabi har ƙasa da goyo a baya, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba a rayuwarta, in jirgin ya juya wace dama take da ita? Ba na cewa a zubar da kunya ko sutura, ba wanda ke son haka. Amma ana iya killace wuri, mata su koya wa mata, da kaya masu rufe jiki da ba sa shan ruwa, kuma a ƙauyukan bakin Kwara akwai matan da suka iya ruwa da tuƙi tun suna yara, malaman na nan ba sai an ɗauko daga wani wuri ba. Addini ma ba inda ya hana, maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki kowa ya san ta, muna ta maimaita ta a wa'azi, dokin mun riƙe, iyon muka bari. Gaskiya ne hadisi ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, muna kuma roƙa musu wannan matsayi, amma wannan ta'aziyya ce ga wanda ya rasa nasa, ba izini ba ne mu bar na raye ba dabara.

Wani zai ce ina wurin koyon, tunda kwamin wanka sai a otal kuma kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka. A Bangaladash, ƙasar da ruwa ke cin yara sosai, ba su jira siminti ba, itacen gora suke kafawa a cikin tafkin ƙauye su yi dandamali mai shinge iya ƙirjin yaro, matasan ƙauyen da aka horar su koyar, kuma abin da ake nema ga yaro kaɗan ne, ya yi iyo mita 25, ya tsaya a saman ruwa daƙiƙa 30, ya iya ceto daga tudu. Mu da muke da rani mai tsawo da ruwa ke janyewa ya kwanta, me zai hana? Sai dai a zaɓi wuri da shawarar Sarkin Ruwa saboda kada da rami, a kuma haɗa da ma'aikatan lafiya saboda tsargiya, wannan fitsarin jinin da wasu ke ɗauka alamar balaga ce alhali tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, maganinta na nan ana ma raba shi a makarantu.

Ta ɓangaren wasa kuwa abin har takaici yake ba ni. Najeriya ba ta taɓa cin lambar iyo a Olamfik ba, Michael Phelps na Amurka shi kaɗai yana da zinare 23. Ba jiki ya fi yaranmu ba, an sa shi a kwami mai layi da agogo da koci tun yana ƙarami ne. Yaron da ke tsallake gulbi da damina yana yanka igiyar ruwa yana da ƙirji da kafaɗar da ake nema, abin da ya rasa salo ne, yadda ake sa fuska cikin ruwa a numfasa ta gefe, yadda ake juyawa a bango, da wanda zai riƙe masa agogo. Ana gama kabanci a ba shi kyauta a tafa masa, shikenan sai wata shekara in an yi bikin.

Ranar Asabar da ta wuce na kai 'yata ta biyu wurin da ruwa ya janye iya cinyata, shekararta bakwai. Na sa tafin hannuna ƙarƙashin bayanta na ce ta kalli sama ta saki jiki, tana ta ƙanƙame mini riga tana cewa "Baba kar ka sake ni." Na ce ba zan sake ki ba. Sai da muka yi sau shida kafin kunnuwanta suka yarda suka shiga ruwa, a na bakwai na janye hannun kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, ba ta sani ba, na ƙirga goma a zuciyata sannan na mayar.